Amsa ga mai son ɗora kwantiraginsa a layin gwaji

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka rubuta ɗan ƙaramin kwantiragi, wato manhajar da ke aiki a kan Ethereum, da yaren Solidity, kana son ɗora shi a layin gwaji, inda ake gwada kwantiragi ba da kuɗin gaske ba, har wani ya ce zai sayar maka da ETH na gwaji, wato kuɗin Ethereum na koyo. Kada ka ba shi ko sisin kwabo. Wannan ETH ɗin kyauta ake raba shi, don masu koyo aka yi shi.

Ni ma a nan Gombe na koya, a ɗakina a Tudun Wada, da tsohuwar kwamfuta da datar wayata. A cikin layukan gwaji, Sepolia za ka yi amfani da ita. Na faɗi haka ne saboda bidiyoyi da yawa a YouTube sun tsufa, suna ta maganar Ropsten da Rinkeby, alhali an yi ritayarsu bayan babban sauyin da Ethereum ta yi a Satumbar 2022, Goerli ma daga baya ta bi sahu. Kwana biyu na ɓata ina neman Rinkeby kafin na gane babu ita.

Ka buɗe sabon walet a manhajar MetaMask, wanda ba ka taɓa ajiye kuɗin gaske a ciki ba. Kalmomin sirri 12 da za ta ba ka, waɗanda su ne mabuɗin walet ɗin, ka rubuta su a takarda, kada ka ɗauke su hoto, kada ka tura wa kowa, ko da mutum ya ce taimaka maka zai yi. A cikin saiti ka kunna nuna layukan gwaji, ka zaɓi Sepolia, lambarta 11155111. Sai ka je famfo, wato shafin da ke raba ETH na gwaji, ka liƙa adireshinka. Wasu famfunan sai sun ga ɗan ETH na gaske a walet ɗin, in ka gamu da irinsu ka wuce wani. Ɗan kaɗan ya ishe ka.

A Remix kuwa, shafin da ake rubuta kwantiragi a ɗora shi, ka tabbata lambar da ke layin pragma na saman rubutunka ta dace da sigar Solidity da ka zaɓa kafin ka danna Compile. Kada ka yi gaggawar zuwa Sepolia. Ka fara gwadawa a Remix VM, wato wurin gwaji na cikin Remix kansa, can babu jira, kuma akwai asusun gwaji da yawa da za ka riƙa canzawa. In komai ya yi daidai, ka koma wajen Environment ka zaɓi MetaMask, ka duba da idonka cewa Sepolia ce a sama, ka danna Deploy, ka amince da kuɗin gas, wato ladan aikin da za a cire daga ETH ɗinka na gwaji. Kusan kowane daƙiƙa 12 ake rufe bulok, wato rukunin ayyukan da aka tabbatar, saboda haka ba za ka daɗe ba. Ka kwafi adireshin kwantiragin ka nema a Etherscan na Sepolia, shafin da ake duba abin da aka ɗora a layin, za ka gan shi.

Ga inda nake so ka natsu. Kwantiragina na farko na adashe ne, mutum biyar su zuba, ɗaya ya kwasa. Na gwada shi da asusu ɗaya tak, nawa, komai lafiya lau. Na ɗora, na tura wa wani abokina a Pantami adireshin. Kafin la'asar ya kira ni ya ce in duba, ya kwashe duk abin da ke ciki da walet ɗinsa. Ashe na manta layi ɗaya, wanda zai binciki ko mai kiran aikin cire kuɗi shi ne wanda kwasa ta zo kansa. Na koma Remix in gyara, a nan na fahimci abin da nake ta karantawa ban ji a jikina ba: abin da ka ɗora ya zauna ke nan, ba ya gyaruwa. Sai dai ka ɗora sabo da sabon adireshi, tsohon kuma yana nan da kuskurensa kowa na gani. Jikina ya yi sanyi ranar, don na yi niyyar wata rana 'yan uwana su zuba kuɗin gaske a ciki. Kuskure a rubutun kwantiragi ne ya sa aka janye ETH kusan miliyan 3.6 daga The DAO, wani asusun zuba jari a kan Ethereum, a 2016, kuma waɗanda suka rubuta shi ƙwararru ne.

Don haka tun a Remix VM ka canza zuwa asusu na biyu, ka yi ƙoƙarin yin abin da bai kamata baƙo ya iya ba. In ka ɗora, turo adireshin kwantiragin kawai, ban da kalmomin sirri. In Allah ya kai mu Asabar zan zauna in gwada fasa shi da walet ɗina, in faɗa maka abin da na gani.