Filin Masu Kiwo: Man Tsirrai a Abincin Kajin Nama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kajin nama 500 a wajen Ejisu. Wani mai shagon magungunan kaji a Kumasi ya tallata min wani gari mai ƙamshin kanumfari, wai man tsirrai ne, in na zuba a abinci na huta da sayen magani. Gaskiya ne? Kuma nawa ake sawa? — Wata Hajiya daga Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Rabin maganarsa gaskiya ce, rabi ciniki ne. Abin da ke cikin wannan gari shi ne man da ake tatsa daga kanumfari, kirfa, tafarnuwa, da ganyen oregano da taim. Sinadaransu, irin su kabakrol da taimol, suna rage miyagun ƙwayoyin cuta a hanji, suna kuma taimaka wa narkewar abinci. Kasuwar man ta buɗe ne bayan Tarayyar Turai ta hana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma a 2006. Mataimaki ne, ba ya warkar da kazar da ta riga ta kwanta.

Awo kuwa da giram ake yi, ba da cokali ba. Yawancin irin wannan gari ana sa giram 100 zuwa 300 ne a tan guda na abinci, amma abin da ke jikin ledar shi za ki bi. In an rubuta 200, to buhu mai kilo 50 giram 10 kacal zai ci. Kajinki za su cinye tan biyu zuwa biyu da rabi kafin sati shida, ke nan rabin kilo ya ishe ki har ki sayar. Ki nemi ƙaramin sikeli na lantarki.

A wajen gaurayawa aka fi yin ɓarna. Giram 10 a cikin buhu kamar ɗigon tawada ne a randa. In kika juye shi kai tsaye, wata kazar ta kwashi mai yawa, wata ba ta samu ba. Ki fara cuɗa shi da rabin kilo na garin masara, ki juye wannan cikin kilo biyar, ki sake cuɗawa, sannan ki haɗa da sauran a kan leda mai tsabta, ana juyawa da shebur sau huɗu ko biyar. In ya yi yawa, yajinsa na sa 'yan tsaki su ƙi ci, sai ki ga suna watsar da abincin da baki. Kuma mai ne mai tashi: leda a buɗe ƙarƙashin rufin kwano, ƙamshin da ya cika ɗakin nan kuɗinki ne ke bin iska. Ki haɗa na sati guda kawai, ki ɗaure sauran a inuwa. In abincin kamfani kike saye, ki tambaya tukuna, wasu sun riga sun sa.

Ko yana biyan kuɗinsa? A gidan da ke da tsabta wani lokaci ba a ganin bambanci. Ki raba 'yan tsakin gida biyu, ki ba rabi, ki hana rabi, ki riƙa auna guda 20 daga kowane ɓangare duk sati, ki rubuta buhunan da suka ci. Littafinki zai faɗa miki abin da mai shago ba zai faɗa ba.

Tambaya: Malam, ina ɗiga man oregano a ruwan shan kajina, amma a sati na huɗu na ga kashi da jini. — Wani matashi daga Asawase

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ya yi kama da koksidiyosis, wata cutar hanjin kaji, kuma damshin damina a Kumasi na rura shi. Kai kaza ɗaya ko biyu ofishin likitan dabbobi yau ɗin nan. In ta tabbata, maganin amprolium ko toltrazuril za a ba ka, kuma ka cika kwanakin jira da aka rubuta kafin yanka. Kwashe garin katakon da ya jiƙe a gindin mazubin ruwa, ka zuba busasshe.

Sannan mai ba ya haɗuwa da ruwa. Zallansa sama yake tasowa, na farkon sha su kwashe, sauran ya manne a bututu ya toshe bakin shan. Sai wanda aka sarrafa domin ruwa. Ranar rigakafin cutar Gumboro ko Niyukasil kuwa, ka dakatar da shi kwana biyu kafin da kwana biyu bayan, ka wanke mazubin sarai, domin ƙwayar rigakafin mai rai ce, ruwa zalla take so.