Na ɓoye akwati a fom, yanzu maɓallin turawa ya ƙi aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni ɗalibi ne a Mabera nan cikin Sakkwato, wata makaranta ce ta ba ni aikin fom na rijistar ɗalibai ta intanet, ina amfani da irin manhajar nan da ake jawo akwati a aje inda ake so, kuma tana da wurin rubuta JavaScript. Suna son in uba ya zaɓi "kwana" akwatin sunan wanda za a kira in wani abu ya taso da lambar wayarshi su fito, in "jeka-ka-dawo" ne su ɓace, kuma in anka zaɓi jiha ƙananan hukumominta kaɗai su bayyana. Na samu na ɓoye akwatunan amma yanzu in anka danna tura shiru kake ji, ko saƙon kuskure babu. Ko dai fom biyu zan yi in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka yi fom biyu, don gobe in sunka ce a ƙara akwatin NIN sai ka gyara wuri biyu, kuma wata rana dole ka manta ɗaya. Fom ɗaya ya isa, halayen akwatunan ne za su riƙa canzawa lokacin da mutum ke cikawa.

Shirun da kake ji kusan na tabbata daga ina yake. Ka ɓoye akwatin daga ido amma ka bar mishi required a kunne, wato har yanzu tilas ne a cika shi. In anka danna tura, birawza na bin akwatuna ɗaya bayan ɗaya, sai ta ishe wanga babu komi ciki, tana son ta kai mutum wurin ta nuna mishi "cika nan" amma akwatin ba ya bisa allo, to sai ta tsaya cik ta ƙi turawa kuma ba ta gaya ma kowa ba. Buɗe fom ɗin a Chrome bisa kwamfuta ka danna F12 ka duba Console, za ka ga jan rubutu mai cewa "An invalid form control" da sunan akwatinka, ƙarshenshi "is not focusable". In ka ga haka to shi ne.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ɓoye akwati ba ya kashe shi. Kamar ka lulluɓe buhun albasa da tabarma ne a rumfa, mai wucewa ba ya gani amma albasa na nan. Tilascin cikawa na nan, abin da anka rubuta ciki ma na nan. Misali uba ya fara zaɓar kwana ya rubuta sunan kawun yaro, sannan ya canza ra'ayi ya koma jeka-ka-dawo, akwati ya ɓace amma sunan kawu zai bi fom ya shiga ma'ajiyar bayanai, ranar da makaranta ta zo fitar da lissafin 'yan kwana sai a yi ta gardama.

Maganin da ni na fi so shi ne disabled. Akwatin da anka sa ma disabled birawza ba ta duba ko an cika shi, kuma ba ta tura abin da ke cikinshi, ka ga matsala biyu sun tafi lokaci guda. Kuma ba sai ka bi su ɗaya ɗaya ba, ka tara akwatin suna da na waya cikin fieldset guda, wato rukunin da ke haɗa akwatuna wuri ɗaya, in ka kashe fieldset ɗin duk na ciki sun mutu tare. Ga yadda zai kasance, tsari shi ne akwatin zaɓin kwana ko jeka-ka-dawo, rukuni shi ne fieldset ɗin:

function daidaita() {
  var kwana = tsari.value === "kwana";
  rukuni.hidden = !kwana;
  rukuni.disabled = !kwana;
}
tsari.addEventListener("change", daidaita);
daidaita();

Lura da layin ƙarshe, shi ne yawancin masu koyo ke mantawa. Suna kiran aikin in anka canza zaɓi kaɗai, to ranar da sakataren makaranta ya buɗe tsohon fom na ɗan kwana don ya gyara lambar waya, babu wanda ya taɓa akwatin zaɓi balle ya canza, sai fom ya buɗe da akwatunan a ɓoye. Ƙa'idar a rubuta ta wuri ɗaya, a kira ta in fom ya buɗe, a kira ta in anka canza. In kuma ka sa hidden akwatin ya ƙi ɓacewa, adon da manhajar ta ɗora mishi ne ya rinjaye shi, yi amfani da style.display = "none" a madadin.

Amma fa kada daɗin disabled ya ɗebe ka ka sa shi ko'ina. A ce akwai akwatin kuɗin makaranta da ke cika kanshi gwargwadon ajin da anka zaɓa, kana son uba ya gani amma kada ya taɓa, nan readonly ake sawa, don shi ana tura abin da ke cikinshi. In ka sa disabled kuɗin ba zai iso ba sam. Sai dai readonly ba ya aiki bisa akwatin zaɓi na select, na rubutu yake kamawa.

Wani abin da ke wahalar da mutane a irin waɗannan manhajoji shi ne lokaci. Da yawansu sai shafi ya gama buɗewa sannan suke zana fom ɗin, in rubutunka ya riga su gudu getElementById, wato umurnin da ke nemo akwati da sunanshi, zai dawo da null, ma'ana babu komi, don akwatin bai wanzu ba tukuna. Nemi wurin da manhajar ta tanada na "bayan fom ya buɗe" ka sa rubutun can. Kuma sunayen da take raɗa ma akwatuna da kanta masu lamba a ƙarshe, kada ka dogara da su, suna iya canzawa in ka goge akwati ka sake jawo wani, ka ba kowane akwati suna da hannunka.

Batun jiha da ƙaramar hukuma bai da wuya. Duka ƙasar nan ƙananan hukumomi 774 ne, Sakkwato 23, Kebbi 21, Zamfara 14, wanga ba wani nauyi ba ne, ka loda su sau ɗaya tare da fom ka riƙa tacewa nan cikin waya, ya fi a ce duk zaɓi sai an je sabar, wato kwamfutar da ke karɓar fom tana aje bayanai, an dawo, mai cikawa daga Gada ko Tangaza da netiwok ɗinshi ke zuwa yana ɗaukewa zai gode maka. In anka canza jiha ka share tsohon zaɓi, in ba haka ba za ka ga fom mai jihar Kebbi da ƙaramar hukumar Wamakko. Kuma ka aje su da lamba ba da suna ba, don akwai masu suna ɗaya, Bassa na Kogi kuma na Filato, Obi na Binuwai kuma na Nasarawa. Mu nan ma ga Kebbe tamu da mutane ke rikitawa da jihar Kebbi.

Tunda makaranta ce a Sakkwato ka yi tunanin iyayen da ke zuwa daga Ƙonni ta Illela. Lambar wayar Najeriya 11 ce da sifili a gaba, ta Nijar 8 ce bayan +227, to in ka kafe akwatin bisa 11 ka rufe musu ƙofa. Sa zaɓin ƙasa, maxlength (iyakar tsawon lamba) da pattern (siffar da ake son lambar ta bi) su canza tare da shi cikin wancan daidaita ɗin dai. Akwatin kuma ya zama irin na lambar waya (tel) ba na adadi (number) ba, don in anka aje ta a matsayin adadi sifilin farko na faɗuwa.

In wata rana ka koma wasu manhajojin, tunanin ɗaya ne sunaye ne daban. AppSheet, wanda Google ta saya a 2020, yana da Show_If da Required_If da Editable_If. A Power Apps na Microsoft ba ka umurtar akwati kai tsaye daga maɓalli, fomula kake rubutawa cikin Visible ko DisplayMode na akwatin kamar yadda ake yi a Excel, shi yake bin ta da kanshi. KoboToolbox da ODK da ma'aikatan ƙungiyoyi ke yawo da su ƙauyuka suna da relevant da choice_filter, kuma su in tambaya ta ɓace amsarta ba ta bin fom, sun ɗauke maka wancan ciwon kan.

Saura abu guda da ba na son ka ɗauka da wasa. Duk wanga da munka yi a birawzar mai cikawa yake gudana, kuma F12 ɗin nan da na ce ka danna kowa na iya danna shi ya cire required ko readonly ya mayar da kuɗin makaranta naira ɗari. Don haka sabar ta sake duba komi da kanta, in tsari kwana ne kuma babu lambar waya ta ƙi karɓa, kuɗi kuma ta lissafa daga aji kada ta yarda da abin da fom ya kawo. In manhajarka na da wurin sa ƙa'idoji a ɓangaren sabar ka maimaita su can, in ba ta da shi ka gaya ma makarantar tun yanzu cewa kuɗin da ke bisa fom na gani ne kawai, na gaskiya sai wanda akawunsu ya tabbatar. Gwada gyaran fieldset ɗin tukuna, in jan rubutun Console bai tafi ba ka turo min hotonshi. Allah shi taimaka.