Baba ya ce kada ƙanensa ya tsaya kan gawarsa

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Babanmu na kwance wata 3 ke nan, jiki ya yi nauyi sai dai addu'a. Shekara 9 ba sa magana da ƙanensa saboda gonar gado ta hanyar Mirya da Baffa ya sayar ba da saninsa ba ya cinye kuɗin, to shekaranjiya ya kira yayanmu ya ce in ya rasu kada a bar Baffa ya tsaya kan gawarsa, Yaya kuma ya rantse ko zaure Baffa ba zai tako ba. Ni wallahi abin ya hana ni barci. Dole ne mu cika wannan wasiyya? Daga wata 'yarku a Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba Baba lafiya. Ba dole ba ne, wasiyyar da za ta yanke zumunci ba a zartar da ita. Sallar jana'iza farillar kifaya ce a kan jama'ar musulmi, ba walimar gidanku ba ce da za a tsaya bakin ƙofa ana zaɓen mai shiga, kabbara 4 ce ake yi ana nema wa mamaci gafara kuma shi mamacin ne ke cin ribar yawan sahu. Yayanki ya yi kaffarar rantsuwa, ya ciyar da miskinai 10.

Inda kuke da ikon hanawa shi ne wurin wanka, nan kam sai amintacce mai rufa asiri, in Baba bai yarda da Baffa ba kada ya shiga. Haka mai zuwa da kururuwa ko tada rigimar gado kan tabarmar makoki, dattawa su ja shi gefe.

Amma abin da ya fi damuna, kuna ta shirin ranar mutuwa alhali mutumin nan yana numfashi. Na sha ganin ƙato ya durƙusa bakin kabari yana kuka yana cewa ka yafe mini, ƙasa kuwa ba ta amsawa. Ki samu limamin unguwarku da gwaggonku in tana raye, su je su ɗauko Baffa a satin nan, ya zauna gefen katifar yayansa ya amsa laifinsa ya faɗi yadda zai biya, ko jikka-jikka ne a rubuta gaban shaidu. Haƙƙin gonar bai faɗi ba, in Baba ya rasu ya zama na magada.

Ki fara da Yaya yau bayan isha'i, ku biyu kawai, ban da matarsa.