Tambaya da Amsa: Fetur da injin kwale-kwale idan za a ajiye shi

Tambaya: Malam, ni mai kwale-kwale ne a Yawuri, injina Yamaha mai doki 40. Da damina nakan koma gona, inji ya yi wata uku a ɗaki. Bara da na dawo ya ƙi tashi sai da bakanike ya kwance kafireta. Wasu sun ce in cika tanki kafin in ajiye, wasu sun ce in juye. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya hana injinka tashi ba a tanki yake ba, ɗan man da ya kwana a kafireta ne. Fetur idan ya zauna cikin zafi, ɓangarensa mai saurin kama wuta shi ke fara tashi, sai a bar saura mai kauri. Tunda injinka na gauraye ne, fetur da baƙin mai, sauran ya fi danƙo. Shi ne ke bushewa ya toshe jet, ramin da bai fi bakin allura ba. Ka ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, inji ko tari ba zai yi ba.

Ranar da za ka ajiye, tun inji yana cikin ruwa, ka cire tiyon mai ka bar shi yana aiki a hankali har ya mutu da kansa. Kada ka yi wannan a tudu, domin robar da ke jawo ruwan sanyaya inji ba ta jure bushewa, nan da nan take ƙonewa. Sannan ka buɗe murfi ka duba ƙasan kafireta, akwai ɗan noti na tsiyaye mai. Tara tsumma, ka sassauta shi da sukurdireba, ka bar sauran ya fita tas. Mutane da yawa nan suke tsallakewa, alhali ko inji ya mutu akwai ragowar mai a kwanon kafireta. Cire filogi, ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, ja igiya a hankali sau biyu ko uku, mayar da filogi, ka jingine injin a tsaye.

Batun tanki kuwa, masu cewa a cika suna da hujjarsu: tankin ƙarfe da aka bari rabi yana yin gumi daga ciki, ya tara ruwa da tsatsa. Amma wata uku ya yi wa gaurayen fetur yawa. Idan tankinka na roba ne mai ɗauka, juye shi. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu mai son asarar ko lita ɗaya, kuma ba cewa na yi ka zubar ba. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa baƙin mai zai shanye shi tun yana da kyau.

Tambaya: Wani mai shago ya tallata mini ruwan magani a kwalba, wai idan na zuba a fetur ba zai lalace ba. In saya?

Amsa: Na gaskiyar yana aiki, amma sai a sabon fetur, kuma sai an tayar da inji ya zagaya har kafireta. Ba ya tayar da man da ya riga ya mutu, ba ya kwashe ruwan da ya kwanta a gindin tanki. Ni da kuɗin, sabon tiyo da filta zan fara saya. Rana tana cin tiyo: lanƙwasa shi ka duba, idan ka ga tsaga ko ya yi tauri, iska yake sha. Robar da ake matsawa a jawo mai ma, idan ka matsa ta sau da yawa ba ta yi tauri ba, ko dai ta gaji ko akwai inda ke yoyo.

Tambaya: Alhaji, mu a bakin Tafkin Chadi gidan mai ya yi mana nisa, a jarka muke saye wurin 'yan bumburutu. Ta yaya zan gane mai kyau?

Amsa: Nemi kwalbar gilashi fara, tsiyaya man daga ƙasan jarka, ka ajiye ta minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa da layi tsakaninsu. Man da ya tsufa yakan yi duhu, warinsa ya koma na fenti. Ko ya ci jarrabawa, kada ka zuba sai ta mazurari mai tata, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Kofin filtar da ke jikin inji ka riƙa kwance shi kana zubar da abin da ya tara.

Ka kula da murfin tanki ma. Ɗan notin iskar da ke kansa a buɗe yake zama lokacin tafiya, in ba haka ba inji zai shaƙe a tsakiyar ruwa. In an sauka a rufe shi saboda ruwan sama, a kai tanki inuwa. Wajen gauraya, yawancin injunan nan kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita ga lita 25, amma ka bi abin da littafin injinka ya ce. Ka nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikinsa, na injin ruwa ne, ba na babur ba. Kuma ka gauraya iya wanda za ka ƙona a sati ɗaya ko biyu.