Amsa ga mai neman karen Azawak

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce wani abokinka ya yi maka tayin kwikwiyon Azawak daga wajajen Tawa, kuma kana so ka sani ko zai zaunu a gidanka na cikin gari mai ɗan tsakar gida, alhali kai ma'aikaci ne da ke fita da safe ka dawo da yamma. Na daɗe ina riƙon wannan kare, kuma a ganina abin da zai yanke maka hukunci shi ne fili da lokaci, kafin a zo maganar kuɗin abinci.

Sunansa daga yankin Azawak ya fito, wato ƙasar da ta ratsa tsakanin Nijar da Mali, inda Abalak da Cintabaraden suke. A can Abzinawa da sauran makiyaya suka daɗe suna riƙonsa domin gadin zango da dabbobi, da farautar zomo da barewa. Namiji yakan kai tsayin santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba, domin duk jikinsa ƙafa ne da ƙirji. Da ido yake farauta fiye da hanci, wato da zarar ya hango abu ya motsa ya riga ya zabura, kuma gudunsa yakan kai kimanin kilomita 60 a awa. Ka auna wannan da unguwar da awakin maƙwabta da kajinsu ke yawo a layi. Duk sanda ƙofarka ta kasance a buɗe, za ka iya wayar gari kana biyan kuɗin akuya, kana kuma ba da haƙurin da ba lalle a karɓa ba. Gajeriyar katanga ma ba ta tare shi.

Abin da na fi so ka ji shi ne cewa ɗaure wannan kare da sarƙa a bakin ƙofa zalunci ne. Na ga waɗanda aka yi wa haka, kuma ƙarshensu ɗaya: haushi dare da rana, tonon ƙasa, ramar da ta wuce ƙima, daga baya kuma cizo. Yana bukatar a fita da shi kullum, da sassafe bayan asuba ko kuma bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, a yi doguwar tafiya da igiya, sannan a samu fili nesa da titi da garken mutane a sake shi ya yi gudu har ya gaji. Gudun nan ba ya ɗaukar dogon lokaci, amma idan ya samu, sai ka ga ya wuni a kwance lafiya lau. Bayan kowace fita ka duba tsakanin yatsunsa, domin ƙarangiya da tsidau suna maƙalewa a wurin.

Halinsa ma sai an fahimta. Yana shaƙuwa da mutanen gidansa ƙwarai, amma ba ya sakin jiki da baƙo, kuma wannan gado ne daga aikin gadi. Saboda haka tun yana ƙarami ya kamata ya saba da yara, da masu shigowa gida, da ƙarar babur, da awakin gida idan akwai su. Duka ba ya gyara shi. Wanda aka saba dukansa sai ya zama matsoraci, kuma kare matsoraci ya fi saurin cizo. Da ɗan nama a hannu da murya mai taushi nake koya wa nawa amsa kira, duk da haka ba na yarda da shi idan zomo ya gilma, domin a lokacin ba ya jin kowa.

Game da abinci, kada ganin haƙarƙarinsa ya tayar maka da hankali har ka shiga ɗura masa, haka halittarsa take. A ƙasarsa da gero da nono ya saba, da abin da ya samu na farauta. Ni tuwo ko shinkafa nake haɗa masa da nama ko kifi ko ƙwai, sau biyu a rana, ba albasa, ba tafarnuwa, ba dafaffen ƙashin kaza, wanda yake tsagewa ya huda hanji. Kada kuma ya yi gudu da ya gama ci, saboda karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu yana iya kumbura ya murɗe, kuma hakan yana kashewa cikin awoyi.

Rigakafi ba abin sakaci ba ne. Allurar haɗin gwiwa da ke kare kwikwiyo daga cutar amai da gudawar jini ana fara ta yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan mako 3 ko 4 har ya kai wajen mako 16, kuma kafin ta cika kada ya cuɗanya da karnukan layi. Ta ciwon haukar kare ana yin ta a wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, ka kuma adana katin, musamman tunda iyaka za a tsallako da shi. Kaska tana yawa da damina, tana sa zazzaɓi da ƙarancin jini, sai a nemi maganinta da na tsutsar ciki wurin likitan dabbobi. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Idan kuma wata rana za a yi masa aiki, ka tuna wa likita cewa kare marar kitse irin wannan ba ya jure wasu magungunan sa barci. Zafi bai cika damunsa ba muddin akwai inuwa da ruwa, amma sanyin hunturu yana wahalar da shi saboda gajeren gashinsa, don haka a shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo a inda iska ba ta bugawa.

Ta fuskar addini, hadisi ya yi rangwamen riƙon kare domin farauta da kiwo da noma, batun gadin gida kuwa malamai sun yi bayani a kansa, sai ka tuntuɓi malaminka.

Yadda ka kwatanta gidanka da aikinka, ni ban ba ka shawarar ka karɓe shi yanzu ba, sai fa idan kana da gona a bayan gari, ko wani babban yaro a gida da zai ɗauki nauyin fita da shi safe da yamma ba fashi. Kare ne da yakan yi shekara 12 ko fiye a raye, don haka ka tambayi wanda zai riƙa fitar da shi ɗin kafin ka ba abokinka amsa.