Ciniki ya faɗi a shagon kwamfutata, in koyi kodin ne ko in koma sola?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Gombe, ina da ɗan shagon kwamfuta kusa da jami'a, ina taifin ɗin furojet da zanen katin biki da fosta. Tun bara ciniki ya faɗi, ɗalibai da waya suke komai yanzu, ga tsadar tawada da takarda da man janareta. Abokina yana ta cewa in koyi kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, in riƙa yi wa turawa aiki ana biyana da dala, yayana kuma ya ce in bi mai haɗa sola in koya. Wai me ke faruwa ne a duniyar nan, kuma ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya buɗa. Abu biyu ne suka haɗe maka lokaci guda, kuma duka biyun ba daga Gombe suka taso ba.

Na farko kasan ChatGPT, manhajar nan da ke amsa tambaya tana rubutu kamar mutum, ya fito ne a Nuwamban 2022, to wata guda kafin nan Amurka ta hana sayar wa Chaina manyan ƙwaƙwalen kwamfuta da ake gina AI, wato ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT, da su, irin na kamfanin Nvidia waɗanda akasari a Taiwan ake ƙera su. Chaina ba ta zauna ba, ta fara matse fitar da wasu ma'adinai da masana'antun Amurka ke buƙata, sannan a Janairun 2025 wani kamfaninta ya saki DeepSeek, kishiyar ChatGPT, kyauta. Kaga manya suna tseren wa zai mallaki wannan fasaha, kowa yana raba tasa a arha ko a kyauta don ya tara jama'a, shi ya sa ɗalibin da da yake kawo maka furojet a rubuce da biro yanzu wayarsa ke tsara masa, mai biki ma ya buɗe Canva ya zana katinsa yana kwance. Duk aikin da za a iya turawa ta waya a karɓo ta waya farashinsa ƙasa yake yi, kuma gaskiya ban ga alamar zai dawo ba.

Na biyu kuma kuɗin da kake kashewa ne. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, tawadarka da firinta kuwa duk daga waje suke zuwa. Ga hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 da suka sa jiragen ruwa zagayawa ta Afirka ta Kudu, kuɗin dakon kwantena ya tashi wa kowa har da mu da kayanmu ba ta can suke biyowa ba. An danne abin da kake sayarwa, an ɗaga abin da kake saye, ba ragwancinka bane ko kaɗan.

Maganar abokinka. Eh akwai masu cin dala da kodin har a Arewa, amma waɗanda suka yi shekaru suna abin ne. Ƙananan ayyukan da ɗan koyo ke farawa da su, gyara ɗan shafi, rubuta ɗan guntun kod, su ne AI ya fi iyawa, kuma in ka shiga kasuwar zaka tarar da 'yan Indiya da Filifin da Kenya suna can da wuta da intanet da suka fi naka, ga manyan kamfanoni irin Meta da Amazon da Google sun sallami dubban ma'aikata tun daga 2022 suma suna neman aiki. Abin da ya fi ɓata min rai shine masu karɓar kuɗin yaranmu da sunan kwas na wata uku wai daga nan sai dala, wallahi kada ka ba kowa jarinka akan wannan. In zuciyarka na son kodin ɗin, gwamnatin tarayya na da shirin 3MTT na koyar da matasa fasahar kwamfuta da aka fara a 2023 kuma kyauta ne, ka nema ka gwada kanka da daddare.

Ni dai shawarar yayanka ta fi kwanta min, kuma dalilin ma daga waccan rigimar ya fito. Chaina ce ke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na kayan fanel ɗin sola a duniya, ta gina masana'antu fiye da buƙatarta, Amurka ta lafta musu haraji, sai kayan suka kwararo ƙasashe irin namu da arha, Najeriya yanzu tana cikin na gaba-gaba a Afirka wajen shigo da su. A ɗaya gefen kai shaida ne akan yadda muka zauna cikin duhu a 2024 da aka lalata turakun babban layin wuta, ga fetur ya fi ƙarfin mai shago. Mai kemis yana son firij ɗinsa ya yi sanyi, mai POS da mai cajin waya suna son wuta, masallatai da makarantun islamiyya da masu bohol, manoman rani a Dadin Kowa da famfon ban ruwa ke shanye musu riba a mai. Babu wata manhaja da zata hau rufin kwano da ranar Gombe ta ɗaura fanel, kuma ba wanda zai yi wannan aikin daga Indiya.

Sai dai ka koya da kyau, don masu jona waya da ka sun yi yawa, suna ƙona wa mutane batir da inbata. Ka iya lissafin lodi, wato nawa gida ke ja da kuma awa nawa, ka san bambancin batirin litiyam da mai ruwa, girman waya, da yadda ake kare kaya daga tsawa. Anan iliminka na kwamfuta zai raba ka da saura, ka rubuta wa kwastoma kiyasi a tsare, ka ajiye bayanan kowane gida da ka yi wa aiki, AI ɗin nan da ya kwashe maka ciniki ka sa shi ya riƙa duba maka lissafi, amma ka tabbatar da mita a hannunka don yana kuskure. Kuma ka fi jingina da haɗawa da gyara akan saye da sayarwa, saboda farashin kaya yana bin dala ne, kuma an taɓa jin gwamnati na maganar taƙaita shigo da fanel.

Shagon kuma kar ka rufe. Firintin da bandin da cike fom da rajistar kasuwanci ta CAC har yanzu sai an zo an zauna gaban mutum, ka bar ƙaninka ko yaro mai amana a ciki, fanel na farko da zaka haɗa da hannunka ya zama na shagon ne ka huta da sayen mai, duk wanda ya shigo ya ga firinta na aiki ba ƙarar janareta shi zai tambaye ka wa ya haɗa maka.