Amsa Ga Jikata Kan Shiga Zumuntar Mata

Kishiya, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Saƙonki ya iso, ƙanenki ya karanta mini, yanzu ma ina faɗa ne yana rubutawa. Kin ce tun da aka ɗaura miki aure matan cocinku na Abuja suka sa ki gaba sai kin shiga Zumuntar Mata, ke kuwa kina ganin al'adar tsofaffi ce: ga sayen zane, ga kuɗin wata, ga tsadar rayuwa, alhali wa'azi na cikin wayarki ko da tsakar dare. Kin kuma ce kanki ya ɗaure, wannan fasto ya yi gabas, wancan ya yi yamma, labarin ƙasa kuma babu daɗin ji. Shin dole ne?

Ba dole ba ne. Babu inda aka rubuta cewa sai mace ta ɗaura zanen zumunta za ta sami ceto. Iyayenmu ne suka tsara abinsu. Duk da haka ni dai na ce ki shiga.

Kina tsammani a kanku aka fara ruɗewa? Mutanenmu na farko, waɗanda suka karɓi bishara a hannun Likita Miller, Baturen mishan na Zariya, sun kafa gari a Gimi cikin ƙasar Zazzau suna murna sun sami wurin zama, sai ciwon barci ya shiga musu, ya yi ta ɗiba. Waɗanda suka tsira suka dawo Zariya. A 1929 kuma mishan ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar nan ta ginin ƙasa da take tsaye har yau. A lokacin ko cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ba su da shi, sai 1932 ya fito. Wasu danginsu sun juya musu baya. To me ya riƙe su? Allah ne, amma ta hannun juna ya riƙe su. Wadda ta rasa miji ba ta kwana ita kaɗai, maraya kuma ba ya rasa akushin da zai sa hannu.

Ke yarinya ce ranar da kakanku ya rasu, ba za ki tuna ba. Kafin gari ya waye matan zumunta sun cika gidan nan. Wata da dammin itace a ka, wata da tiyar masara, wata ta kinkimo babbar tukunyarta. Ba wadda ta tambaye ni inda muciya take. Suka hura wuta, suka share tsakar gida, biyu suka sa ni a tsakiya a kan tabarma ba su ce uffan ba. Da yamma aka ɗauko tulu da caki aka fara waƙa a hankali. Ni a ranar bakina ya kasa addu'a, su suka yi mini. Bayan makoki ya watse, dangi kowa ya kama hanya, su ba su daina leƙowa ba har damina ta wuce. Faston cikin waya, komai zaƙin bakinsa, bai san ƙofar gidanki ba. Zumunta a ƙafa take.

Ba labarin da kaɗai ba ne. A 2014, da 'yan Boko Haram suka kama hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos, jama'a suka watsu. Mutane da yawa a gidajen 'yan'uwa masu bi suka sami mafaka, wasu ma ba ɗarikarsu ɗaya da masu masaukin ba.

Kada ki ce na ɓoye miki: akwai gulma a zumunta, akwai gasar sutura, akwai shugabar da in ta riƙe taro sai rana ta faɗi. Mutane ne. Maganar zane kuma na fi ki jin haushinta, don wasu wuraren sun mai da shi kasuwa, kowane taro sabon anko. In babu hali, ki sami uwar zumunta a keɓe ki gaya mata gaskiya. Na san matan da suka daɗe suna zuwa da zanen aro, ba wanda ya kore su.

Batun fastoci masu saɓa wa juna kuwa, a zaman nazari na mako za ki sami sauƙinsa. Ki kawo abin da kika ji, a buɗe Littafi, tsofaffin da suka ga jiya suka ga yau su auna miki. Kuma ke mai ilimin boko ce, suna neman irinki, ko don rubuta rahoton taro da lissafin ma'aji.

Ki je taron wannan makon ki zauna a baya ki gani, ba sai kin ba da suna ba tukuna. Ina da zanen zumunta guda da ban taɓa ɗaurawa ba, in na ku irinsa ne zan ba direba ya kawo miki tare da daddawa da kuka. Ki gaida mini angon namu, ki ce masa har yanzu bai biya ni kuɗin cefane ba.